Kwana Goma Ina Jinyar Karen da Ya Cije Ni

Duk wanda yake da kare a gida, ina roƙonsa ya daure ya karanta wannan har ƙarshe, ko da dariya zai yi min. Na san akwai masu cewa mace da hankalinta ta zauna rubuta labarin bakin kare, lallai ba ta da aikin yi. Su yi ta faɗi. Ni dai na san kwana goman da na yi ina ɗaga kofin ruwa cikin fargaba, kuma ba na yi wa ko maƙiyina fatan irinsu.

Sunana Rifkatu. Muna zaune a gefen garin Zuru, inda gidaje suke ƙarewa gonaki su fara, dutse yana bayanmu. Mijina Ishaya soja ne, kamar rabin mazan unguwarmu, kuma aiki ya kai shi nesa. Idan mun gan shi sau biyu a shekara mun gode Allah. A gidan daga ni sai 'ya'yanmu mata biyu, sai surukina, mahaifin Ishaya, wanda kowa yake kira Baba. Sai kuma Kofur.

Kofur jan kare ne irin namu na gida, kunne ɗaya a tsaye ɗaya a karye. Ishaya ne ya raɗa masa sunan lokacin shi kansa yana kofur. Shi an yi masa ƙarin girma sau biyu tun daga nan, karen kuwa yana nan a matsayinsa shekara tara, kuma duk ranar da Ishaya ya bugo waya sai ya tambaya ko Kofur ya fara ƙorafi. Ba karen ado ba ne. Shi yake korar birai daga masara, shi yake raka Baba gona, kuma a irin zaman da ake yi a ƙasarmu yanzu, gidan da babu namiji mai ƙarfi, haushin kare ba ƙaramin abu ba ne.

Ba zan iya cewa ga ranar da ciwon ya fara ba, kuma wannan shi ne laifina na farko. Bakinsa ya daɗe yana wari. Idan ya yi hamma kusa da ni sai in kau da kai in tambaye shi mushen me ya ci, yara su yi dariya. Haƙoransa sun yi ruwan ƙasa daga gindi, wani abu ya daskare a jikinsu kamar ƙanzon tukunya. Na gani da idona, ba sau ɗaya ba. Amma wa ya taɓa jin an duba bakin kare? Na ce ai kare ne, da me bakinsa zai yi ƙamshi.

Makon da na fara lura da gaske, masara ta fara nuna. Sai in zuba masa ragowar tuwon dawa ya ɗauka, ya karkata kai gefe ɗaya yana tauna, loma ta faɗo, ya tsaya yana kallonta. An yi biki a maƙwabta na kawo masa ƙashin akuya, ya sansana ya kwanta kusa da shi kamar an ba shi gadi. Baba ya ce tsufa ne, shi ma ai ya daina tauna ƙashi. Na yarda, don yardar ta fi min sauƙi.

Mako na biyu miyau ya fara dalala daga bakinsa, mai yauƙi, da ɗan jini a ciki. Gefen kwanon ruwansa yakan yi ja-ja. Yana yawan sa ƙafar gaba yana shafa fuska. A nan masu shawara suka fito. Maƙwabciyata Maman Ladi, wadda ba ta taɓa jin ciwon da ba ta san maganinsa ba, ta ce in cusa masa farasitamol a cikin tuwo. Na cusa rabin ƙwaya sau biyu. Daga baya aka gaya min maganin nan yana iya kashe kare. Baba kuma ya ce a goge masa baki da jar kanwa da gishiri, haka ake yi wa akuya.

Mako na uku ƙarƙashin idonsa na hagu ya kumbura kamar ƙwan zabo. Ya daina bin Baba gona, ya koma ƙarƙashin rumbu, ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa. Akwai ofishin malaman dabbobi a hanyar kasuwa, ina wuce shi duk mako. Kunya ce ta hana ni shiga. Na ɗauka wurin na masu shanu da tumaki ne, in na je da maganar kare za a yi min kallon wadda ta rasa abin yi.

Ranar wata Talata da safe na tashi yin abin da Baba ya ce. Na daka kanwa da gishiri, na ɗiga ruwa, na naɗe yatsana da tsumma na dangwala. Na kira Kofur ya fito daga ƙarƙashin rumbu yana kaɗa wutsiya a hankali, don bai taɓa yi min gardama ba. Na ɗaga leɓensa. Dasashin ya yi jawur, ya kumbura, ya janye daga haƙoran har ana ganin saiwarsu, mugunya tana fitowa ta gefe. Mai hankali a nan zai tsaya. Ni kuwa na danna tsumman kanwa a kan ɗanyen ciwo.

Ƙarar da ya yi har yau tana kunnena. Ban ga lokacin da ya kama ni ba, sai dai na ga jini yana gangarowa zuwa gwiwar hannuna, ga rami biyu tsakanin babban yatsa da manuni. Nan take ya sake ni ya ja da baya, jikinsa yana ɓari, miyau da jini suna zuba daga bakinsa.

Baba ya fito daga ɗakinsa. Ya dubi hannuna, ya dubi bakin karen, na ga fuskarsa ta canja yadda ban taɓa gani ba a shekara goma sha huɗu da na yi a gidan. Bai yi ihu ba. A hankali ya ce, "Karen ga ya haukace. Ɗauko mini adda."

Ga wanda bai san al'adarmu ba: tsofaffinmu suna cewa idan mahaukacin kare ya ciji mutum, a kashe karen nan take, a gasa hantarsa wanda aka ciza ya ci, a ƙona gashinsa a shafa tokar a kan ciwon. Wai haka ake kashe dafin. Kafin in ankara maƙwabta sun cika tsakar gida da sanduna, Maman Ladi har ta fara neman itacen gashi.

Zan so in ce ƙaunar Kofur ce ta sa na tsaya masa, amma ƙarya zan yi. A lokacin tsoronsa nake ji fiye da kowa. Abin da ya faɗo min a rai shi ne wata nas da ta taɓa zuwa taron zumuntar mata a cocinmu ta yi mana bayani a kan cizon kare. Rabin bayanin ina gyangyaɗi, amma abu biyu sun maƙale min: a wanke ciwon da sabulu da ruwa mai yawa, kuma kada a kashe karen, a kulle shi. Ganin sanduna ya sa Kofur ya rarrafa ya shige ɗakin da muke ajiye hatsi. Na ja ƙofar na danna kwaɗo, na ƙulle makullin a bakin zanina. Baba ya miƙo hannu. Na ce masa ya yi haƙuri, sai na dawo daga asibiti. Wannan ne karo na farko da surukina ya ce in yi abu na ƙi, kuma a gaban mutane.

Na tsuguna a bakin rijiya na yi ta wanke hannun da sabulu har fatar ta yi fari, sannan na hau kabu-kabu. A asibiti na yanki kati na zauna a benci tun hantsi har rana ta take tsaka. Duk wanda ya tambaye ni abin da ya same ni na faɗa, sai ya ɗan matsa. Nas ɗin da ta duba ni ta fara da faɗa, wai wace irin mace ce take sa hannu a bakin kare marar lafiya, sannan ta yaba min wankin da na yi, ta sake wanke ciwon, ta yi min allurar tetanos. Da ta tambayi ko an yi wa karen rigakafi, na ce Ishaya ya taɓa kai shi shekarun baya, katin ma ban san inda yake ba. Ta ce to dole in fara allurar cizon kare, ba za a jira komai ba. Sai dai allurar babu ita a firij ɗinsu ranar. Ta rubuta min a takarda, ta ce a nemo daga Birnin Kebbi, kuma a kawo ta cikin ƙanƙara, in ta ɗumama ta zama ruwa. Ina gode wa matar nan har gobe. Amma har gobe ina jin haushin a ce gari guda mai karnuka kamar namu, sai an yi wannan doguwar tafiya kafin a samu allura.

Daga can na wuce ofishin da na yi mako uku ina jin kunyarsa. Na tarar da wani dattijo mai farin gemu, Malam Haruna. Ina kwance tsumman da na naɗe yatsa da shi, wanda na ƙunsa a leda ban san dalili ba, sai wani abu ya faɗo kan teburinsa. Haƙori ne. Ashe garin cizon ya fita ya maƙale a tsumman. Malam ya sa safar hannu ya ɗauka, ya juya shi, ya nuna min saiwar da ta yi baƙi ta zaizaye. Ya ce, "Wanga haƙori ba yau ya mutu ba. Ya kai shekara biyu yana ruɓa."

Bai yi min dariya ba, bai kuma ce shi na shanu ne ba. Ya hau mashin ɗinsa ya biyo ni gida, ya daɗe yana leƙen Kofur ta taga. Ya ce a ganinsa ciwon dasashi ne ya ci ƙarfinsa, dattin da ya daskare a haƙora ya shiga ƙarƙashin nama ya ruɓar da saiwa, kumburin ido ma daga saiwar haƙori yake. Zuciyata ta fara sauka, sai ya ƙara da cewa ba zai rantse ba, don mahaukacin kare ma yana dalalar da miyau ya ƙi abinci, kuma Kofur yana yawo a dutse inda ba wanda ya san abin da ya gamu da shi. Sannan ya faɗi maganar da ta zame min kamar hukunci.

"Kwana goma. In ya kai kwana goma da ranshi, to ranar da ya cije ki babu cutar ga miyanshi. In ya mutu kafin nan, sai a yanke kai a kai gwaji nesa, ki zauna jira. Ni ba ni sa hannu bakinshi sai kwanakin sun cika. Ki riƙe mini shi da rai."

Ya bar min ƙwayoyi, ya ce in daka in sa a abinci mai ruwa, kada in taɓa karen, kada kowa ya shiga. In riƙe shi da rai, karen da ya kwana biyar bai ci abin kirki ba, kuma bakin da zai ci da shi ni na ƙara ƙona shi da kanwa.

Washegari na tura yaran wurin yayata a Mahuta. Na dama kunu na fasa ƙwai a ciki, na sa magani, na tura kwanon da sanda ta ƙarƙashin ƙofa. Bai ko ɗaga kai ba. Rana ta biyu na daka busasshen kifi na tankaɗe kamar na jariri, na zuba a kunun. Ya sansana ya juya baya. Na tsaya a taga ina lallashinsa kamar mutum, ina cewa Kofur don Allah ka sha, ni ce. Ya kaɗa wutsiya sau ɗaya, ita ce amsar da na samu.

Allurata ta iso ranar Juma'a, a hannun wani direba, cikin kula, ƙanƙarar ta kusa narkewa. Sai da na sayar da akuyar da nake kiwo don Kirsimeti. Nas ta taɓa kwalbar ta ce da sauran sanyi, ta yi min. Ina fitowa na fara lissafin kwana ukun da suka wuce babu allura, ina tambayar kaina ko dafin ya riga ya yi nisa. Daga ranar tsoro bai sake barina ba. Ciwon kai kaɗan, sai in ce shi ke nan. Hannun ya yi zogi, sai in ji kamar abu yana hawa ta jijiya. Kowa ya san wanda cutar ta kama ba ya iya shan ruwa, don haka duk safiya kafin in yi addu'a sai in ɗebi ruwa a kofi in zuba masa ido. Wani lokaci tsoron kansa yake shaƙe ni, in kasa haɗiyewa, in ajiye kofin in yi kuka, in sake ɗauka.

Ranar Lahadi a coci an yi min addu'a da murya mai ƙarfi, amma bencin da na zauna ya yi fili hagu da dama. Maman Ladi ta aiko aka ɗauke guganta daga rijiyarmu. Ban ga laifinta sosai ba, sai dai na tuna farasitamol ɗinta. Ranar ce kuma Ishaya ya samu layi ya bugo. Ya ce in bi abin da malamin dabbobi ya faɗa, ya ce in ba Baba wayar. Baba ya saurara, ya ce masa, "Kai kana can," ya miƙo min.

Baba kuwa ya daina zuwa gona. Birai suka yi biki a masara, bai ko tambaya ba. Kullum da safe zai ɗauko kujerarsa ya ajiye ta tana fuskantar ƙofar ɗakin hatsi, adda a kan cinya, ya yini. Ba ya yi min magana sai gaisuwa. Na ɗauka fushin rashin kunyar da na yi masa ne, har na fara jin haushinsa a raina, ina cewa tsoho da taurin kai.

A rana ta biyar, wato Lahadin nan, da yamma na leƙa na ga Kofur a miƙe, gefen fuskarsa jiƙe da jini da mugunya, wari ya cika ɗakin. Na tabbata mutuwa yake yi, na tabbata kuma tawa ta biyo. Na bugo wa Malam Haruna ina magana ba kan gado. Ya ce in kwantar da hankali, kumburin ne ya fashe, kuma gara da ya fashe. Ya zo da igiya da doguwar safar hannu, ya yi masa allura a cinya. Washegari da na jawo kwanon da sanda, na ga kunun ya ragu da kamar cokali uku. Ban taɓa murna da ƙazamin kwano irin ta ranar ba.

Rana ta bakwai na dawo daga asibiti na tarar da Baba a tsaye a bakin ƙofar, ya sa bakin adda yana ɓanɓarar kwaɗon. Na jefar da jakata na shiga tsakaninsa da ƙofar. Na ce Baba saura kwana uku. Ya juyo ya dube ni.

"Ɗiyata, in ya mutu da kanshi, hanta ta ɓaci. Hantar mushe ba ta magani. Kullum kina jira, ni ina kallon maganinki yana lalacewa. Mi zan ce ma Ishaya?"

Ya zauna a kujerarsa ya ba ni labarin da ko ɗansa bai taɓa ji ba. Yana da ƙanwa, Kande, wadda take bin sa. Lokacin yana saurayi yana golmo, wato noman da samarinmu suke yi wa iyayen yarinyar da za su aura, wani kare ya shigo gari ya cije ta a ƙafa. Shi ne ya fi kowa kusa. Ya jefi karen da fartanya ya kuskure, karen ya haye dutse, aka yi kwana biyu ana nema ba a gan shi ba. Ciwon ya warke, kowa ya manta. Bayan wata ɗaya da 'yan kwanaki Kande ta fara firgita in ta ga ruwa. Ya ce ƙishirwa tana cin ta, tana roƙon ruwa, in an kawo sai ta sandare ta yi ƙara. A ƙarshe aka sa ta a ɗaki.

"Ni na riƙe ƙofar," in ji shi. "Tana kiran sunana daga ciki, ni na riƙe."

Tsofaffin gari suka ce da an samu hantar karen da ta rayu. Ba wanda ya ce laifinsa ne, amma kowa ya san wanda ya yi jifa.

Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa. Labarin bai rage min tsoro ba, ninka shi ya yi, don yanzu na san yadda abin yake ƙarewa, kuma na san wa zai riƙe ƙofa. Har na ji a raina ko in ba shi makullin, in ci hantar, me zai rage ni da shi. Amma in an kashe Kofur an gasa, ba zan taɓa sanin gaskiya ba, zan yi wata da watanni ina kallon kofi. Na ce masa, "Baba, ka ba ni zuwa Juma'a. Allura tana jikina. In ya mutu kafin nan, ka gaya wa Ishaya ni na hana ka." Bai ce ya yarda ba. Ya dai ajiye addar a ƙasa, ita ma ba nesa ba.

Kwana ukun nan mu biyu muka yi jinyar, kowa da abin da yake tsoro. Ni ina tura kwano, shi yana leƙa taga ya ga ko ciki yana motsi. Rana ta takwas Kofur ya shanye rabin kunun. Rana ta tara ya tashi tsaye yana tangaɗi, da wani ɗan kabu-kabu ya tsaya a ƙofar gida sai muka ji haushi, a dishe, guda biyu kacal. Ni da Baba muka dubi juna, muka danne zumuɗi don kada mu yi saurin murna.

Ranar Juma'a da sassafe na fito na tarar Baba ya riga ni. Ya ɗebo ruwa a ƙwarya biyu. Malam Haruna ya riga ya gaya mana ruwa ba shi ne gwajin kare ba, kwanaki ne gwaji, amma Baba da abin da ya gani da idonsa yake aiki. Ya tura ɗaya ta ƙarƙashin ƙofa, ya miƙo min ɗaya. Daga ciki muka ji lak, lak, lak. Na kafa kai na shanye tawa har ruwa yana zuba min a wuya, shi kuma yana kallon maƙogwarona. Da na sauke ƙwaryar ya karɓa ya duba cikinta, ya kife.

Da hantsi Malam ya zo da jakarsa. Ya yi wa Kofur allurar barci, aka shimfiɗa shi a kan buhu a inuwar rumbu. Haƙori shida ya cire, wasu ko ƙarfi bai sa ba, ya kankare sauran ya wanke ramukan. Yana aiki yana yi min faɗa a hankali, kuma faɗan nan ne ya sa na zauna rubutu. Ya ce warin baki a kare ba ɗabi'a ba ce, ciwo ne yake sallama. A riƙa ɗaga leɓensa ana dubawa tun yana ƙarami don ya saba, a goge masa haƙora da tsumma mai tsabta da ruwa, ban da man goge bakin mutane, ban da kanwa, ban da maganin mutane kowane iri. In dasashi ya yi ja ko yana jini, a kai shi tun yana iya cin abinci. A yi masa rigakafi duk shekara a adana katin, da katin Kofur yana hannu da rabin tsoron nan bai same ni ba. Wanda kare ya ciza kuma ya wanke da sabulu ya tafi asibiti ranar, kada ya tsaya jiran kare ko hantarsa.

Baba ne ya riƙe kan karen a cinyarsa har aka gama. Malam yana wanke kayansa, sai Baba ya yi gyaran murya. Bai dube ni ba, bai dubi Malam ba, kunnen Kofur ɗin nan karyayye yake shafawa. Ya ba shi labarin Kande a taƙaice, sannan ya yi tambayar.

"Malam, ka gaya mini tsakaninka da Allah. Da jifata ta samu karen nan, da munka ba ta hanta, da ta tashi?"

Malam Haruna ya ajiye abin da yake hannunsa. Ya ce, "Baba, ko kare goma kunka kashe, hanta ba ta hana cutar ga. Allura ce kaɗai, kuma lokacinku babu ta kusa. Jifarka ba ta da hannu ciki."

Baba ya ci gaba da shafa kunnen karen. Kofur ya fara motsi, yana farfaɗowa, ya lashi hannun tsohon da bakinsa mai jini, Baba bai janye ba. Hawaye suna bin gemunsa, bai share ba, ni ma ban yi kamar na gani ba. Can ya ce, kamar da kansa yake magana, "Shekara sittin ke nan."

Ya ɗaga kan karen a hankali ya ɗora a kan buhu, ya tashi ya ɗauki addar da ta kwana goma a bakin ƙofa. Na bi shi da ido gabana yana faɗuwa, don jiki ya saba. Ya rataya ta a kafaɗa, ya ce in dama wa Kofur kunu kada ya yi zafi, shi zai je ya ga abin da birai suka bar mana.